Babin da Babba Ya Tsallake

Ni ban taɓa kiran ɗana na fari da sunansa ba, kuma kada wanda ya tsaya yi mini wa'azi a kan haka. Ɗan fari ne, ga shi sunan mahaifin Malam aka sa masa, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Babba nake ce masa in ta kama dole, in ba ta kama ba in ce "kai wannan". Haka uwata ta yi wa yayana a Gusau har ta koma ga Allah, kuma bai lalace ba. Zaman Riyad bai canza mini wannan ba, ko da yake a nan na haife shi, a nan ya yi rarrafe, har Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa.

To, ga inda gizo ke saƙar. A ƙasar nan ɗa namiji yana zaune ne a kan iƙamar ubansa, wato takardar zama, har ya cika shekara ashirin da biyar. Daga nan ko ya sami wurin aiki da zai ɗauki kafalarsa, wato ya tsaya masa a wurin hukuma, ko ya haɗa kayansa. Babba kuwa ya kusa cikawa. Nijeriyar da za a tura shi sau biyu ya taɓa zuwa, duka biyun zazzaɓi ya kwantar da shi, 'ya'yan baffanninsa suna zagaye shi suna dariyar yadda yake lanƙwasa Hausa. Duk lokacin da na tuna za a sa shi a jirgi shi kaɗai, sai abinci ya fita raina. Ban gaya wa kowa ba, ai uwar ɗan fari ba ta nuna irin wannan.

Malam, maigidana, direba ne a wani kamfani a unguwar Ulaya da ke haɗa wa ƙananan asibitoci takardunsu na inshora. Ya daɗe yana tuƙa manajan wurin, har sabo ya shiga tsakaninsu. Shi manajan ne ya ce in Babba ya koyi aikin kodin ya kawo shaidar cin jarrabawa kafin iƙamarsa ta ƙare, za su ɗauke shi su karɓi kafalarsa. Ni da farko na zaci wani aikin gyaran waya ne. Ashe idan likita ya duba mara lafiya ya rubuta abin da ya gani da abin da ya yi masa, sai wani ya zauna ya karanta, ya mayar da kowace cuta da kowane aiki zuwa harafi da 'yan lambobi, don asibiti da masu inshora su ji yaren juna. Na ce wa Nazira, ƙanwarsa, ta gaya wa yayanta in dai zama ne a inuwa ana ba ciwo lamba, ya fi dakon albasa a kasuwar Aziziya.

Ya shiga makarantar koyon aikin, ya kuwa dage. Gidanmu ɗaki biyu ne da falo, a falon yake karatu, yana kai da kawowa yana maimaitawa da ƙarfi kamar mai tilawa. Ina kicin ina jin sa, yau zuciya, gobe ƙashi, jibi ƙoda. Har na fara gane wasu. In Malam ya yi tari, Babba ya faɗi lambar tarin. Ranar da na ƙone da man suya bai tsaya yi mini sannu ba sai da ya tambayi Nazira ko hannun dama ne ko na hagu, wai kowanne da yadda ake rubuta shi. Yana da wata magana da malamarsu ta cusa musu, wai a aikinsu abin da ba a ambata ba, ba a yi shi ba. Na juya wajen tukunya na ce to ni ban taɓa ambatar wani ba a gidan nan, kuma ga shi nan yana cinye mini shinkafa.

Abu ɗaya na lura da shi ban ba shi muhimmanci ba. Akwai wasu makonni da falon ya yi tsit. In na shigo sai ya rufe littafin ya miƙe, wai zai je masallaci, alhali ko kiran salla ba a yi ba. Na zaci gajiya ce.

Ranar da sakamako ya fito ya dawo ya zauna a bakin ƙofa da takalmi a ƙafarsa. Bai ci jarrabawar ba. Saura kaɗan, amma kaɗan ɗin ba ta sa a ba mutum iƙama. Dama ɗaya ta rage masa kafin lokacinsa ya cika. Malam ya shiga cewa ƙaddara ce, haƙuri za a yi, kowa da rabonsa. Ni kuwa raina ya ɓaci. Yaron da na ga ya rame a kan littafi, wace ƙaddara kuma? Na ce lalle akwai wadda ta danne masa haƙƙi don ta gan shi baƙar fata.

Washegari da safe na zura abaya na hau jirgin ƙasa na metro ni kaɗai har Ulaya inda makarantar take, ina tafe ina shirya maganganun da zan zazzage mata. Sai na tarar da malamar tasu, Ustaza Hajar, 'yar Sudan ce, ta fi ni baƙi, kuma sa'ata ce ko ta ɗan girme ni. Rabin faɗana ya zube tun a bakin ƙofa. Ta zaunar da ni, ta sa aka kawo mini shayi, ta bar ni na gama sauran rabin da guntun Larabcina na kasuwa.

Da na yi shiru ta ce ɗana yana cikin waɗanda suka fi kowa a ajin. Babi ɗaya ne ya kayar da shi, babin ciki da haihuwa, kuma babi ne mai nauyi a jarrabawa don rabin aikin ƙananan asibitoci ke nan. Ta ce tun ranar da suka shiga babin ya sunkuyar da kai bai ƙara ɗagowa ba. In ta sa hoto a allo sai ya nemi izinin zuwa alwala. Bai taɓa tambayar ta ko kalma ɗaya ba, shi da ya saba damun ta da tambaya. Lambobin ya haddace su tsaf, amma bai san me ke zuwa kafin me ba, bai san wace matsala ce ke jawo wata ba, sai ya riƙa jera su a birkice. A aikinsu kuwa dole ka gane babban dalilin da ya kwantar da mace, ka sa shi a gaba, sauran su biyo.

Wallahi abin da na fara ji daɗi ne. Na gyara zama na ce mata ai tarbiyya ce, a wurinmu yaro ba ya buɗe baki a kan irin wannan a gaban sa'ar uwarsa. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Tarbiyyar tana da kyau, ya Ummu," in ji ta, wato uwar wane, ta haɗa da sunan nasa. "Ita ce kuma za ta raka shi filin jirgi."

Na kamo hanyar gida. A cikin metro na yi ta juya maganar. Ba zan ce na yi kuskure ba, don ban yi ba, kunya ado ce. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaron nan ba shi da wanda zai tambaya. Ubansa in aka ambaci naƙuda sai ya tuna yana da aiki a mota. Abokansa gwauraye ne irinsa. Littafi kuwa ya ba shi sunaye, bai ba shi labari ba. Duk Riyad mutum ɗaya ce ke da labarin a hannu kuma take da dalilin ba shi, ita ce kuma wadda ko ido ba ta haɗawa da shi.

Ranar Asabar da hantsi na tura Malam da Nazira kasuwar Aziziya, na jero musu kayan miya da zai ɗauke su har azahar. Na ɗaura zanin gado a tsakiyar falo, daga ƙusar agogo zuwa ƙofar kicin. Na zauna ta wannan gefe na juya baya, na ce wa wanda ke wancan gefen ya ɗauko littafinsa da abin rubutu. Na ji ya zauna. Sai da na yi bisimilla sau uku kafin na fara.

Na ce wata mata ce, cikin fari, shekarunta ashirin da biyu, ba ta daɗe da zuwa ƙasar nan ba, ba uwa ba ungozoma. Cikin ya isa haihuwa. Faya ta fashe mata tun da asuba amma naƙuda ba ta zo ba, ita kuma don kunya ba ta gaya wa mijinta ba sai da rana ta yi tsaka. Na tsaya. Shiru. Na ce ba tatsuniya nake yi masa ba, in yana da tambaya ya yi, matambayi ba ya ɓata. Shiru dai. Na daki ƙasa da tafin hannu na ce in bai buɗe baki ba zan yaye zanin nan mu kalli juna.

Sai ga murya can ƙasa, da Larabci. Wai tsawon wane lokaci tsakanin fashewar ruwan da fara ciwon. Ashe kunyarsa ta fi sauƙi a Larabci. Na ba shi amsa da Hausa, don tawa ba ta da sauƙi a kowane yare. Haka muka yi ta yi, yana jefowa da Larabci ina mayarwa da Hausa, ina jin ƙarar takarda yana buɗawa.

Na gaya masa yadda aka kai ta asibiti, aka duba aka ce yaron a zaune yake, bai juyo da kai ba. Naƙuda ta zo ta yi tsawo, yaro ya ƙi saukowa, bugun zuciyarsa ya fara raguwa, aka gungura ta ɗakin tiyata ba ta ma san me ake cewa a kanta ba. Ya tambaya ko zaman da yaron ya yi ne ya tsayar da naƙudar, ko kuwa ƙugun matar ne ya yi ƙanƙanta. Na ce zaman ne, yaron tun a ciki yake da taurin kai. Ya ce to ke nan shi ne dalilin tiyatar, ba fashewar ruwan ba, shi kuwa a jarrabawa da ruwan yake farawa don shi ya fara faruwa. Na ji muryarsa ta ɗan ɗago, irin ta wanda ya ga hanya.

Na ci gaba. Bayan an ciro yaron jini ya ɓalle mata, mahaifa ta ƙi tsukewa, aka yi ta ƙara mata jini. Ta kwana biyu ba ta san inda kanta yake ba. Da ta farfaɗo ba ta tambayi yaron ba, don ba a tambaya, sai ta yi ta bin ma'aikaciyar jinya da ido har wata Bafilipina ta gane, ta ɗauko shi ta ɗora mata a ƙirji. Ta ɗan kawar da kai don mijinta yana tsaye, amma ta riƙe ƙafar yaron ta ƙarƙashin bargo, ba ta saki ba har aka yi sallar magariba.

Ƙarar takarda ta tsaya.  Sai ya tambaya, wannan karon da Hausa, wane wata ne abin ya faru. Na ce watan da ya faru ba ya cikin jarrabawa, ya karanto mini abin da ya rubuta.

Ya karanto su ɗaya bayan ɗaya, dukkansu da harafin O suke farawa, yana faɗin lamba yana faɗin ma'anarta: naƙudar da zaman yaro ya tsayar, fashewar ruwa kafin lokaci, wahalar da yaron ya shiga, zubar jini bayan haihuwa, sai lambobin tiyata da ƙarin jini. Duk abin da na sha a wannan rana ga shi a layi shida ko bakwai. Na ce shi ke nan? Ya ce saura ɗaya, wadda ake rufe takardar kowace mai jego da ita, ba a barin ta.

"Z, talatin da bakwai, ɗigo, sifili," ya ce. "Ɗa ɗaya, an haife shi da rai."

Na ce to madalla, na tashi na shiga kicin na kunna famfo don kada ya ji ni. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, na yi mai isata.

Haihuwa ɗaya ba ta isa jarrabawa, ni kuwa haihuwar Nazira lafiya lau ta zo, ba abin koyo a cikinta. Sai na tafi wurin Zouera, maƙwabciyarmu 'yar Damagaram da ke aikin shara a wata makarantar 'yan mata, mai 'ya'ya takwas da baki kamar reza. Na zaci za ta ce na haukace. Ta tuntsire da dariya ta ce abin nema ya samu, ita da ta shekara ashirin tana neman wanda zai saurari labarin tagwayenta har ƙarshe. Ta jawo Mariamou ta Maraɗi, wadda ta yi jijjiga a cikinta na uku. Mariamou ta jawo wata, watan ta jawo wata. Kafin ka ce kwabo, duk ranar Alhamis bayan la'asar falona ya cika da mata, zanin gado a tsakiya, Babba shi kaɗai a wancan gefe da littattafansa kamar alƙali.

Malam kuwa da ya ga takalma a bakin ƙofa sai ya juya, a mota yake zama har su watse.

Abin da yaron nan ya ji a makonnin nan, ko ungozoma sai haka. Mai bakwaini ta ba da nata, mai ɓari ta ba da nata tana share ido, wadda cibiya ta naɗe wa ɗanta wuya, wadda mabiyiya ta ƙi fita, wadda sukari ya kama da ciki ya sake ta bayan haihuwa. Suna yi suna gardama, Zouera tana katse kowa tana cewa nata ya fi. Da farko da ƙyar ake jin tambayarsa. Daga baya har tsayar da su yake, ya ce Inna Zouera a bar zancen abin da kishin dangin miji ya jawo, a gaya masa wanne ya fara fitowa cikin tagwayen kuma ta yaya. Ta ce ji ɗan banza, jiya-jiya ko kalmar ciki ba ya iya faɗa. Kowace in ta gama sai ta nemi a karanta mata lambobinta, ta tafi tana taƙama wai nata sun fi na wance yawa. Ya koma wurin Ustaza Hajar da tambayoyi cike da takarda, har ta aiko mini da gaisuwa da ƙullin turaren wuta.

Ranar jarrabawa ban ce masa komai ba. Na sa Nazira ta gaya masa ya karya kafin ya fita.

Sakamakon ya shigo wayarsa wata Talata muna cin abincin rana. Ya duba, ya ajiye cokali, ya miƙa wa ubansa wayar. Malam ya karanta ya sake karantawa, sai ya fashe da hamdala yana rungume shi. Ya ci jarrabawar, kuma babin da ya fi samun maki a ciki shi ne wanda ya tsallake a da. Nazira ta ruga ta buga wa Zouera ƙofa, Zouera ta rangaɗa guɗa a matattakala har Bamisiren da ke ƙasa ya leƙo yana tambayar wa ya haihu. Ta ce masa su duka. Ni ina zaune ina tsince ƙashin kifi, na ce to Allah ya sa albarka, a ci abinci kada ya huce. Amma daɗin da na ji, tun ranar da aka ɗora mini shi a ƙirji ban ji irinsa ba.

Manajan ya cika alkawari. Aka mayar da kafalar, sabuwar iƙama ta fito da sunan kamfanin, saura 'yan makonni ya cika shekarun. Akwatin da Malam ya saya a ɓoye don tafiyar, wanda ya zaci ban gani ba a bayan kujerar mota, na sa aka shigo da shi na zuba barguna.

Ranar da zai fara aiki ya fito da farar riga, katin kamfani a rataye a wuya. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango yadda na saba. Ya sauka. Sai na ga kular abincin da na tashi tun asuba na haɗa masa tana nan a kan tebur. Na ɗauka na leƙa taga. Ya riga ya tsallaka titi, ya nufi tashar metro cikin mutane, 'yan Pakistan da 'yan Masar da kowa, kowa yana sauri. Na ce "kai wannan", ba wanda ya waiwaya. Na ce Babba, ƙarar motoci ta cinye. Nazira tana bayana, da na ce ta bi shi da ta bi shi, ƙafarta ta fi tawa sauri. Malam ma yana tsaye yana ɗaura agogo, sunan mahaifinsa ne fa.

Na cika ƙirjina da iska.

"Dalhatu!"

Ya tsaya cak a tsakiyar hanya, har wani ya yi karo da shi. Ya juyo yana neman inda muryar ta fito, ya ɗaga kai ya gan ni a taga. Ban kawar da ido ba. Na ɗaga masa kular na ce ya dawo ya ɗauki abincinsa, kada ya makara ranar farko.